Hawan tudu da gangara kwazazzabo da ƙananan yara a mota: tafiya a hankali ta wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin garin Sakkwato nake zaune, amma gonata da 'yan'uwana suna wani ƙauye bayan Dange. In an sauka daga kwalta akwai tafiyar kamar kilomita 9 a turba, da tudun marmara guda mai tsayi, da wani kwazazzabo da ake gangarawa a hau ɗaya gefen. Motata Hilux ce mai ƙofa huɗu. Ina so in kai iyali da yara uku: mai wata 8, mai shekara 3 da mai shekara 6. Uwarsu za ta riƙe jaririyar a cinya, sauran biyun su zauna kusa da ita. Ba gudu nake yi a wurin ba. In dai a hankali ake tafiya, akwai wani haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai haɗari, kuma tafiya a hankali wani ɓangarensa kawai take ragewa. Haɗarin kwalta na gudu ne da karo. Na tudu da kwazazzabo daban yake: ko mota ta kife ta gefe, ko ta sulale da baya bayan ta kasa ƙarasa hawa, ko bakin kwazazzabo ya zabtare a ƙarƙashin taya. Duka ukun nan suna aukuwa mota tana tafiyar da mai ƙafa zai iya cim mata.

Don haka a waɗannan wurare biyu da ka ambata, yaro wuri biyu kawai yake da shi. Ko yana ɗaure a kujerar da ta dace da girmansa, ko yana wajen motar gaba ɗaya, hannunsa cikin na babba, a inda ko motar ta ƙwace ba za ta iso shi ba. Cinyar uwa ba ta cikin biyun. In kuwa hawan ya kai inda kai kanka sai ka yi shiri kafin ka tunkare shi, sauke su shi ne daidai, ko da suna da kujerun. Jaririyar kuma, in ba ku da kujerar jarirai mai kallon baya, shawarata kada a bi da ita ta wannan hanya. Ko a jinkirta tafiyar, ko a nemi wata hanyar ko ta fi nisa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Bari in fara da yadda mota ke kifewa, domin a nan mutane suka fi ruɗar kansu. Tsayin da ke sa Hilux ta tsallake dutsen da zai fasa cikin ƙaramar mota, shi ne kuma ke ɗaga nauyinta sama, ya sa ta fi ƙaramar mota saurin faɗuwa ta gefe. Tsakanin tayar hagu da ta dama kamar mita ɗaya da rabi ne. A ce kana ratsa gefen tudu, motar ta karkata da digiri 15, abin da direba da yawa ba sa ɗauka komai. Sai tayar da ke ƙasa ta faɗa ramin da ruwa ya ci, mai zurfin santimita 30. Wannan kaɗai ya ƙara kamar digiri 11. In a lokacin tayar sama ta taka dutse mai tsayin santimita 20, an ƙara wasu 7 ko 8. Cikin ƙiftawar ido ka tashi daga 15 ka wuce 30, safirin ɗin gefen ƙasa ya danne, mutanen ciki da kaya duk sun zame zuwa can. In akwai buhun gero ko jarkokin ruwa a kan kariyar saman mota, shi ke nan. Ba a buƙatar gudu ko kaɗan. Shi ya sa tudu ake fuskantarsa kai tsaye, a hau miƙe, a sauko miƙe, ba a yanka shi ta gefe. In da yara a ciki, karkatar gefe da ta kai digiri 15 ma ta isa a tsaya a sauke su.

Ido yana yaudara wajen awon tudu. Lissafin mai sauƙi ne: in a tafiyar mita 4 ƙasa ta ɗaga da mita 1, digiri 14 ke nan. In a mita 3 ne, 18. In a mita 2 ne, kusan 27, kuma wannan hawa ne da ba a yinsa da iyali a ciki. Akwai manhajar awon karkata da ake saukewa a waya. Ka ɗora wayar a kan miƙaƙƙen katako, ka aza a ƙasa a wuri uku ko huɗu na hawan, musamman inda ya fi tsaye.

Yanzu jikin yaro. Kan jariri mai wata 8 ko 9 ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, alhali na babba bai wuce kashi 6 cikin 100 ba. Wuyan da ke ɗauke da wannan kan kuwa ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, jijiyoyinsa suna miƙewa fiye da yadda lakar da ke ciki za ta iya jurewa. In aka fizge kan gaba da ƙarfi, ƙashi yana iya miƙewa ya koma, amma lakar ta riga ta samu rauni. Haƙarƙarinsa ma laushi gare shi, ba ya kare hanta da saifa kamar na babba. Abin da zai bar ka da ciwon kafaɗa na kwana biyu yana iya zame wa yaro lahanin har abada.

Riƙo a cinya kuma, ba maganar ƙarfin hannun uwa ba ce, ba kuma ta ƙauna ba. Motar da ta sulale ta daki bangon kwazazzabo da gudun kilomita 30 a awa, bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 3 da rabi, wato daga kan rufin ɗaki. Ko da gudun 20 ne, faɗowa ce daga sama da mita ɗaya da rabi. Babu hannun da zai riƙe jaririya mai kilo 8 a wannan lokacin. In uwar ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne 'yar a bayan kujerar gaba. In ta ɗaura bel ɗin ya zagaye su su biyu, abin ya fi muni, domin nauyinta duka zai matse 'yar a jikin bel. In motar ta mirgina kuwa, duk wanda ba a ɗaure ba yawo zai yi a ciki kamar tsakuwa a gwangwani, ko ya fita ta taga motar ta bi ta kansa. Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Ga abin da kowanne cikin ukun yake buƙata. Mai wata 8, kujerar jarirai da ake kafawa tana kallon baya, domin in an yi bugu, bayan kujerar ne ke tallabe kai da wuya da gadon baya lokaci guda. Dokar Turai ta yanzu ta wajabta hakan har wata 15, likitocin yara na Amurka kuma suna cewa a ci gaba har yaro ya fi ƙarfin kujerar. Mai shekara 3, kujera mai maɗaurai biyar: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya a tsakanin cinyoyi. Yawancinsu suna ɗaukar yaro har kilo 18 ko tsayin santimita 105. Mai shekara 6, kujerar ƙarin tsayi wadda ke ɗaga shi har bel ɗin motar ya zauna masa daidai, kuma zai ci gaba da ita har ya kai santimita 135 aƙalla. Bel ɗin ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu da saman cinya, kada ya hau ciki, domin a can hanji yake yankawa. Na kafaɗa ya bi tsakiyar kafaɗa, ba wuya ba, kuma kada a bar yaro ya mayar da shi bayansa ko ƙarƙashin hammata, abin da suke yi da zarar ido ya kauce.

Duka ukun a baya za su zauna. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ma ta hana yaron da bai kai shekara 12 ba zama a gaba, kuma jakar iskar da ke gaban fasinja tana fashewa da ƙarfin da zai iya kashe jaririn da ke kujera mai kallon baya. Uwarsu ta dawo gaba ta ɗaura nata bel. Ka duba bel ɗin tsakiya na baya: a tsofaffin Hilux na ƙugu ne kawai, ba shi da na kafaɗa, kuma kujerar ƙarin tsayi ba ta aiki da irinsa, sai a ba mai shekara 6 gefen ƙofa. Bayan ka kafa kowace kujera, ko da bel ko da ƙugiyoyin ISOFIX, wato ƙarafan da ke jikin kujerar baya don maƙala kujerar yaro, in motar tana da su, ka kama ta daidai inda aka ɗaure ka jijjiga. In ta motsa fiye da santimita 2 da rabi, ba ta kafu ba. Maɗaurin kafaɗar yaro kuma, in ka iya tsunkuno shi da yatsu biyu ya ninku, bai ɗauru ba. In ta gwanjo za ka saya, duba ranar ƙira a ƙasanta, yawanci shekara 6 zuwa 10 suke yi, kuma zafin rana irin namu yana busar da roba har ta riƙa tsagewa.

Akwai wani abu da ya shafi jaririyar a kan tudu wanda ba kasafai ake lura da shi ba. Kujerarta a kishingiɗe ake kafa ta, domin kanta ya kwanta baya, hanyar numfashi ta buɗe. Tunda kanta yana wajen gaban mota, da zarar hancin motar ya ɗaga a hawa, kujerar sai ta miƙe tsaye. In barci take yi, kan zai rinjayo gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, numfashi ya takura, ga kuma jijjiga tana ƙara girgiza shi. Hawan minti ɗaya ba komai, amma in mota ta maƙale hancinta a sama ana ta fama, a fara fito da ita. A turba mai gargada kuma a riƙa tsayawa duk bayan rabin awa a duba ta.

Sauke yara ma yana da ƙa'ida, in ba haka ba an gudu daga wani haɗarin an faɗa wani. A sauke su a wuri mai shimfiɗa kafin a fara hawa, ba a tsakiyarsa ba. Su riga motar hawa da ƙafa, su kai sama, su koma gefe kamar taku 30 daga turbar, sannan uwarsu ta ɗaga maka hannu. In gangara ce, su tsaya a sama har motar ta kai ƙasa ta tsaya, sannan su biyo. Ƙa'idar guda ce: kada yaro ya taɓa kasancewa a gangaren da ke ƙasa da mota, ko a gabanta ko a bayanta ko a gefen da za ta faɗa. Jaririya a goya ta, hannu biyu su samu riƙon sauran biyun. Kada ka motsa motar sai ka ƙirga su da idonka, ɗaya, biyu, uku, domin yaro mai shekara 3 in ya tsaya dab da gaban Hilux ko bayanta, direba ba ya ganinsa sam. A sa musu takalmi rufaffe, ba silifa ba. Ƙarƙashin duwatsun marmara mazaunin kunama ne da kububuwa, ga ƙarangiya da ƙaya, kada a bar su suna ɗaga dutse ko zura hannu a rami.

Sai tuƙin kansa. Kafin ka kai iyali, ka je kai kaɗai ko da wani babba, ka bi hanyar a irin yanayin da za ku bi ta. Ranar tafiyar ma ka sauka ka taka hawan da ƙafa, zuwa da kai ya fi aike. Turbar da ka sani bara ba ita ce ta bana ba, ruwa ɗaya ya isa ya sauya ta. Duba inda ruwa ya ci, da inda dutse ya fito, da abin da ke bayan ƙololuwar tudun. Sawun amalanke ba lallai ya yi daidai da faɗin tayoyinka ba, sai taya ɗaya ta faɗa cikin sawun, ɗayar tana kan tudunsa, motar ta karkace.

Ka tsaya cak a ƙasa, ka sa giya a firi, ka mayar da ƙaramar giyar zuwa 4L, wato giyar ƙafa huɗu mai ƙarfi da tafiya a hankali, ka tabbatar ta shiga. A nan ya kamata in faɗa wa masu RAV4 da CR-V da Highlander cewa motocinsu ba su da wannan giyar. Ko da ƙafa huɗu suke ja, ba a ƙera su don irin wannan hawan ba. A 4L, lamba biyu ta fi dacewa da yawancin hawa, lamba ɗaya kuma inda duwatsu suka yi yawa. Ka zaɓi giyar tun daga ƙasa, kada ka canza a tsakiya, domin da ka taka kuloci motar ta rasa abin da ke jan ta. Totur daidai wa daida, ba fizga. Tsakuwar marmara tana mirgina a ƙarƙashin taya kamar wake a kan siminti, in ka ƙara wuta taya sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana haƙa, bayan motar ya fara zamewa gefe, kuma zamewa gefe a kan tudu ita ce farkon kifewa. Dab da ƙololuwa ka sassauta, ka yi ham, domin a lokacin sama kawai kake gani, ba ka san ko raƙumi ko garken shanu ko mai babur yana tahowa ba. Manyan yatsunka su zauna a wajen zoben sitiyari, kada ka zura su ciki, in taya ta daki dutse sitiyarin yana fizgewa.

In motar ta kasa ƙarasawa, a nan ake yin kuskuren da ke kashe mutane. Kada ka yi yunƙurin juyawa a kan tudu, domin dole sai motar ta tsaya a gicciye, kuma a nan take kifewa. Kada kuma ka taka kuloci ko ka sa firi ka bar ta ta koma da birki kaɗai. Da ribas ake saukowa, miƙe, a kan sawun da aka hau. In inji ya mutu, ka danne birki, ka ja birkin hannu, ka taka kuloci ka sa ribas, ka saki kulocin injin yana a mace. Yanzu giya tana riƙe da motar. Ka miƙe sitiyari, ka duba baya, ka sauke birkin hannu, ka sassauta na ƙafa sannu a hankali har motar ta zauna a kan giyar, sannan ka murɗa makulli ba tare da taɓa kuloci ba. Za ta tashi ta fara rarrafawa baya da kanta. Wasu sababbin motoci ba sa tashi sai an taka kuloci. A irinsu ka riƙe birki, ka tayar, ka saki kuloci da birki tare. Mai giyar otomatik ya danne birki, ya tayar a N, wato firi, ya sa R, wato ribas, ya sassauta. Ka sani in inji ya mutu, taimakon da yake ba birki taku biyu ko uku ne ya rage, daga nan feda ta yi tauri kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Ka gwada wannan sau da yawa a ƙaramin tudu, kai kaɗai, har hannu da ƙafa su saba.

Gangara ta fi hawa haɗari, ko da yake ta fi sauƙi a ido. 4L, lamba ɗaya, ƙafa ta bar kuloci gaba ɗaya, injin ne zai riƙe motar. A otomatik ka sa L ko 1. In ka danne birki tayoyi suka kulle, sitiyari ya daina aiki, bayan a-kori-kura kuma ba shi da nauyi in babu kaya, sai ya nemi wuce gaba ta gefe. In ka ji ta fara zamewa, sassauta birkin za ka yi tayoyi su koma juyawa, ka miƙar da hancinta ƙasa. Birkin ABS ma, mai hana tayoyi kullewa, a kan tsakuwa yakan ƙara nisan tsayawa. Haka in ka ji tana neman kifewa ta gefe, sitiyari gefen gangare ake karya shi, ba gefen tudu ba, duk da cewa zuciya akasin haka take raya wa mutum. Ka kuma duba man birkinka. Mai lamba DOT 3 sabo sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, amma in ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a 140, kuma in ya tafasa feda za ta nutse har ƙasa babu birki. Duk shekara 2 ake canza shi.

Bakin kwazazzabo ba abin yarda ba ne. Ruwa ta ƙasa yake ci, ya bar saman kamar rumfa, kana gani ƙasa ce mai ƙwari alhali ƙarƙashinta kogo ne, Hilux da kaya kuwa ta haura tan 2. Ka bar tazarar da ta kai zurfin kwazazzabon tsakaninka da bakinsa, kada kuma ta gaza mita 2. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, musamman Agusta, jar laka tana cike zanen taya ta koma sumul, kuma in an yi ruwa jiya ko yau, kada ka kai yara wurin. Ruwa yana iya sauka a wani gari can nesa, sama tana garau a kanka, kwazazzabon ya cika cikin mintuna. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, mai 30 yana ɗaga ƙaramar mota, mai 60 yana tafiya da irin taka. In ka tarar yana gudu, ka jira ya janye ko ka koma. In Allah ya ƙaddara mota ta faɗa ruwa mai zurfi, minti ɗaya ne a hannu: a kwance bel, a sauke gilashi nan take, a fitar da yara ta taga, a fara da babban domin ya iya taimakon kansa, a fito da ƙaramar a hannu.

Taya kuma, a tsakuwa da dutse ka rage iska zuwa 25 ko 26 a ma'aunin mai faci, a rairayi zuwa 18 ko 20, amma kada ka sauko ƙasa da 15, taya tana iya saɓulewa daga ƙarfenta, musamman a karkace. Ka riƙe famfo, ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta, ka kuma fita daga 4L da 4H, wato ɗaya giyar ta ƙafa huɗu. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar Beljiyam da ta haura shekara 6, ko zanenta yana da kyau, dutsen marmara yana iya yanka gefenta.

Duk abin da ba a ɗaure ba a cikin mota, makami ne in ta kife. Jak, fartanya, tukunyar gas, kula, filas na ruwan zafi, duk su koma bodi a ɗaure su da igiya, masu nauyi a ƙasa, dab da bayan kan mota. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Bodi kuwa ba wurin zaman yaro ba ne ko na taku goma, ko 'yan'uwa a ƙauye sun roƙa a ɗauki nasu. A ɗaga gilasan baya a kulle su, domin in mota ta karkata hannu da kansa yake fita neman dafawa. A danna makullin yara da ke gefen ƙofofin baya. In ka yi fakin a gangare, ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, ka sa dutse a bayan taya, ka cire makulli, kada ka bar yaro a ciki ko na minti ɗaya.

Wannan na ƙarshe ba don birkin hannu kawai ba ne. Ka san zafin Sakkwato a Maris da Afrilu da Mayu, yana haura digiri 40 a inuwa. Motar da aka kashe tana ƙara kamar digiri 11 a cikin minti 10, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi ninki 3 zuwa 5 fiye da na babba. Sau da yawa maƙalewa a rairayi da tsakar rana ta fi tudun kansa zama barazana ga yara. Ka fita da sassafe, ka ɗauki ruwa ninki biyu na abin da kake zato, da tabarma da abin yin inuwa, da shebur, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In babu shi, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jaririyar a yawaita ba ta nono. In maɗigarta ta faɗa, ko tana kuka babu hawaye, ko fitsari ya ɗauke, ruwan jikinta ya yi ƙasa. In cikin yaran akwai mai sikila, zafi da ƙishirwa suna tayar masa da ciwon. Ƙarfen bel ma ka taɓa shi da hannunka kafin ya taɓa fatar yaro. In wata mota ce za ta jawo ku, yara su yi nisan da ya ninka tsawon igiyar sau biyu, kuma kada a ɗaura ta a ƙwallon jan tirela, yana karyewa ya tashi kamar harsashi.

Ka tambayi mutanen ƙauyen halin da hanyar take ciki ta fuskar tsaro kafin ka fito, ka gaya wa wani a gida lokacin da ya kamata ku isa, ku kuma juyo da la'asar sakaliya, kada magariba ta same ku a turba. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa 112, amma a cikin kwari sabis yakan ɗauke, sai an hau tudu.

In abin da ake gudu ya faru, motar ta kife, ka fara kashe inji. Ka dafa rufi ko ƙofa da hannu kafin ka kwance bel ɗinka, kada ka faɗo a kan wani. Yaron da ke rataye a kujerarsa, wani ya tallabe kansa da ƙirjinsa kafin a ɓalle maɗaurin. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kuma babu wuta ko ruwa da ke barazana, kada a ɗaga shi a saɓa a kafaɗa. In da hali a ciro shi tare da kujerarsa, a tokare kan da zane a naɗe ta gefe biyu. Kada a fara da gidan maɗori, bugun kai da na ciki ba a ganinsu daga waje. A wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ko da yaron ya tashi yana wasa, domin jinin da ke zuba a ciki yakan ɗauki sa'o'i kafin ya nuna. Kwana biyun farko a sa masa ido dare da rana. Amai fiye da sau ɗaya, barcin da ake tashinsa da ƙyar, jijjiga, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, ruwa ko jini daga hanci ko kunne, maɗiga ta kumbura, jariri ya ƙi kama nono, ciki ya yi tauri ko shatin bel ya fito a kansa, kowanne daga cikinsu a koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Kujerar da aka yi haɗarin da ita kuma a sauya ta, ko ba a ga tsaga a jikinta ba.